Umarnin Rauta a Kan Allo

A tashar Kawo, muna jiran motar Zariya ta cika, wani magidanci ya dubi littafin da ke cinyar saurayin da ke gefensa.

"Ƙanina, jarrabawar netwok ɗin kwamfuta kake shiryawa?"

"Na haƙura da ita, Yaya. Sau uku tana kayar da ni. Zariya za ni in yi rajistar koyon zanen shafukan intanet, yau ake rufewa."

"Uku kacal? Ni sai a karo na bakwai na ci."

"Bakwai! To, ai ka sami na'urorin gwaji."

"Ko kwamfuta ba ni da ita. Tsohon allona na ɗauko. Kowace asuba in rubuta umarnin saita rauta, wato na'urar haɗa kwamfutoci, da tawada, in haddace, in biya wa mahaifiyata, sannan in wanke."

"Ta san netwok ne?"

"Ko boko ba ta yi ba, da kunne ta riƙe. Idan na tsallake layi sai ta ce, 'Koma, jiya ba haka ka faɗa ba.'"

Saurayin ya sake buɗe littafin da ke cinyarsa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Sannan ya leƙa ta taga. "Direba, don Allah sauke mini jakata."