Akwatin da Auta Bai Buɗe Ba

AUTA: Salamu alaikum. Yaya, ina wuni?

YAYA: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya gida, ya Mama?

AUTA: Lafiya lau. Ya aiki, ya yara?

YAYA: Suna makaranta. Ya ƙafar Baba?

AUTA: Da sauƙi, yana takawa har ƙofar gida.

YAYA: Madalla. To ya neman aiki, Injiniya?

AUTA: Don Allah ki daina kirana haka.

YAYA: Me ka ce? Layin yana yankewa. Bari in fita daga ɗakin marasa lafiya... Yawwa, ina jinka. Muryarka ba daɗi. Wani abu ya faru?

AUTA: Wani kamfani ya neme ni intabiyu.

YAYA: Alhamdu lillahi! Yaushe ne?

AUTA: Sati uku da suka wuce.

YAYA: Ban gane ba. Ka je ba ka faɗa mana ba?

AUTA: Ban je ba. Yau na ga saƙon.

YAYA: Kai da kullum kanka yana cikin kwamfuta?

AUTA: Kin tuna watan da kamfani tara suka ƙi ni a jere?

YAYA: Na tuna. Har Mama ta ɗauka zazzaɓi kake yi.

AUTA: To a lokacin na zauna na rubuta wata 'yar manhaja. Duk amsar da ta shigo imel ɗina daga inda na nemi aiki, sai ta ɗauke ta ta ɓoye a wani akwati kafin in gani. Na ce sai ranar da na ji ƙarfin zuciya zan buɗe.

YAYA: Wata nawa ke nan?

AUTA: Huɗu.

YAYA: Wato duk sanda Mama ta tambaye ka, ka ce mata shiru, ba su amsa ba...

AUTA: Ai ban gani ba.

YAYA: Kar ka raina mini hankali, Auta. Matar nan kullum addu'a take yi Allah Ya sa su amsa, ashe sun amsa kai ka kulle ƙofa.

AUTA: Na sani.

YAYA: Me ya sa ka buɗe yau?

AUTA: Baba ya yanke magana. Ranar Litinin zan fara zama a shagon tayal na Kawu, safe zuwa magariba. Ya ce shekara biyu ina neman aiki ta isa. Shi ne na ce bari in gani da idona kafin in rufe kwamfutar.

YAYA: Me ka tarar?

AUTA: Saƙo sittin da ɗaya. Hamsin da tara a'a ne. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe, ko fanka ban kunna ba.

YAYA: Sauran biyun fa? Auta? Kana jina?

AUTA: Ina ji. Daga wuri ɗaya suke. A na farko sun ce sun ga manhajar nan da na yi miki ta tsara lokacin ba marasa lafiya magani, ta burge su, in zo mu gana.

YAYA: Wadda har yau muke amfani da ita.

AUTA: A na biyu sun ce sun jira ni minti arba'in. Sun ɗauki wani.

YAYA: Inna lillahi.

AUTA: Kin san abin haushin? A duk abin da na taɓa rubutawa, manhajar ɓoye saƙon nan kaɗai ce ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ko saƙo ɗaya bai kuɓuce mata ba.

YAYA: Ba abin dariya ba ne. Wa ya rubuto?

AUTA: Wata mata, shugabar masu rubuta manhajarsu. Ta sa lambarta a ƙasa, ta ce idan wani abu ne ya same ni in sanar da su.

YAYA: To kira ta.

AUTA: In ce mata me? Tsoro ne ya same ni?

YAYA: Eh, haka za ka ce. Ka gaya mata abin da ka gaya mini, har da manhajar.

AUTA: Ai sun riga sun ɗauki wani.

YAYA: Wannan ita za ta faɗa, ba kai ba. Ka goge abin nan mai ɓoye saƙo?

AUTA: Na goge ɗazu. Yaya, katina ya kusa ƙarewa, saura kamar minti uku. Ko gobe in na sa wani...

YAYA: Goben nan ce ta cinye maka wata huɗu. Minti uku sun isa ka yi sallama ka faɗi sunanka.

AUTA: Idan ta ce a'a fa?

YAYA: Sai su cika sittin. Hamsin da tara ka karanta yau, ga ka kuma kana magana da ni. Litinin kuma tana nan zuwa, ko ka kira ko ba ka kira ba.

AUTA: Wallahi tsoro nake ji.

YAYA: Tsoro ai ba ya hana danna lamba. Ba zan ƙarasa maka katin ba, na kashe.

AUTA: Tsaya, bari in tambaye ki yadda zan fara... Yaya? Yaya?... To. Ina lambar nan take?