Haladu Ya Kai Ni Gaban Manaja Saboda Ciwon Suga

Assalamu alaikum Malama, da masu sauraro. Sabi'u ne daga Dutse.

Direba nake a wani kamfanin ruwan leda. Ina da ciwon suga, likita ya hana ni azumi. Cikin Ramadan abokin aikina Haladu ya tarar da ni ina cin burodi a bayan mota. Na gaya masa gaskiya, ya ce, "Wallahi ba mai ji a bakina."

Washegari manaja ya karɓe makulli, wai zan faɗi a hanya. Ban taɓa faɗuwa ba, Malama! Yanzu Haladu ke jan motar.

Don Allah lauyoyi, kotun ma'aikata tana sauraron irina? Kai kuma Haladu, na san rediyon motar a kunne yake. Ina gaishe ka.