Layin Banɗaki

"Wuni guda fa, baiwar Allah, yarinya tana riƙe da fitsari," in ji wata uwa a layin ganin likita, 'yarta kwance a cinyarta. "A nazire, anti, wato malamarsu, ita ce ke jera su ta kai su banɗaki. Da ta shiga aji ɗaya na firamare, sai ta zauna jiran a jera su. Ga shi nan, mara ta kamu da ciwo."

Matar da ke gefenta ta ajiye waya. "Jera su ake yi? Ba sa ɗaga hannu?"

"Wa ya koya musu? Katanga ɗaya ce tsakanin nazire da firamaren, amma ko gaisuwa ba ta haɗa malaman."

"Innalillahi. Ni fa aji ɗaya nake koyarwa, a wata makarantar. Duk wanda ya jiƙa wando, durƙusar da shi nake yi. Na ɗauka sangarta ce."

Uwar ta juyo ta dube ta.

"To Malama, don girman Allah, gobe kafin ki ɗauki alli, ki leƙa wajen antin naku, ki tambaye ta me kuma yaran nan suke zaune suna jira."