Ayyukan Dikko Maƙeri da Zinariyar Ƙasar Sin

Assalamu alaikum. Shugaban taro, wakilin gwamnatin jiha, Sarkin Maƙera da jama'arsa, malamanmu, iyayenmu mata, mutanen Argungu da baƙinmu na Birnin Kebbi, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina godiya da kuka ba ni, Abdussamadu, malamin gona, damar magana a taron maƙera. Ban taɓa riƙe guduma ba, amma a bakin zuga-zugi na tashi, domin Dikko maƙerin azurfa da zinariya shi ya haife ni.

Na farko, abin da na gani. An tura mu ƙasar Sin koyon noman shinkafa, wata rana aka kai mu gidan ajiyar kayan tarihi. Can na ga wani tsinken ado da matan dā ke sokawa a gashi, an ƙera masa tsuntsu a kai. An ja zinariya ta yi siriri kamar gashi, an murɗa ta, an saƙa fukafukai da ita, an jera mata ƙwayoyi waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. Tafinta ya ce ya haura shekara dubu, kuma ba a san wanda ya ƙera shi ba. Abokan tafiyata suka wuce, ni na kasa ɗaga ƙafa. Hannun babana nake gani, yadda yake riƙe numfashi in zai ɗora ƙwaya a kan ɗan kunne. Na ƙagara in dawo in ba shi labari.

Na biyu, abin da na tarar. Na sauka gida an riga an yi sadakar bakwai ɗinsa.

Da na natsu, sai na shiga neman aikinsa, ko guda, in riƙe a hannuna. Na nema a Argungu, na nema a Birnin Kebbi, har Gulma na je wurin Inno Sauda, wadda ya yi wa 'yan kunnen aure. Ta kama hannuna ta ce, "Wayyo ɗana, bara nib ba da su anka narke, anka yi ma jikata na yayi. Da na san za ka zo!" Ta yi kuka, ni ma na yi.

Jama'a, can an adana aikin wanda aka manta sunansa, mu nan muna da sunan, aikin ne babu.

Na uku, roƙo ne. Iyayena mata, ku duba gindin akwatunanku. Zobe ne, awarwaro ne, ɗan kunne ne ko da ƙafa ɗaya, na Dikko ko na wani maƙerin da ya riga mu, kada ku kai shi wuta. Sarkin Maƙera ya ba da ɗaki a gidansa. Ku kawo a ajiye da sunanku, jikokinmu su zo su gani.

Allah ya jiƙan maƙeranmu da suka kwanta dama, ya ƙara wa na raye hasken ido, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.