Zaren Rigar Jariri

Ina zaune a bencin ƙofar asibiti, jira ya ishe ni, sai na ji wani dattijo yana yi wa wata mai jariri magana.

"'Yata, ƙurajen nan har fuskarsa?"

"A'a Baba, iya inda riga ta rufe. Uwar mijina ta ce nonona ne ba shi da kyau, wai in yaye shi. Watansa biyar fa."

"Miƙo rigar in gani."

Ya tsinko zare a bakin rigar, ya karɓi ashana wurin mai gadi, ya ƙyasta.

"Kin ga ya narke ya dunƙule? Auduga toka take zama. Wannan roba ce zalla, gumi take riƙewa."

"Mai kanti har rantsuwa ya yi mini auduga ce."

"Shi ma rantsuwar aka yi masa. Ki ga likita dai tunda kin zo, amma a fara sauya riga kafin a taɓa abincinsa."

"Kai ma likita ne, Baba?"

"Injiniya. Da tsintsiya na fara a masaƙa, na koma makaranta da gemuna, yanzu binciken auduga nake yi. Likita mahaifina ya so in zama. Har ya rasu, in an tambaye shi aikina sai ya ce, 'Yana can dai yana wasa da zare.'"

Ta yi dariya tana share hawaye.

"Allah ya jiƙansa. Bari in sayi ashana a hanya, Baba. A gaban uwar mijina zan ƙyasta."