Gyaɗata na ƙasa, gayya ta watse

Assalamu alaikum mai karanta mana wasiƙu, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Ni ne Habu manomi daga Mallawa, kuma kaina ya ɗaure.

An ce za mu jefa ƙuri'a, ko mu zauna cikin ƙawancen Faransa ko mu fita. Ranar kasuwa tafintan kumandan, Baturen mulkinmu, ya ce in muka fita, kanti zai daina sayen gyaɗarmu, atamfa da gishiri su yanke. Da yamma yayana Idi ya ce mini: "Habu, kar ka ji tsoro. In mun fita, mu za mu yanka wa gyaɗarmu kuɗi, mu kai ta Kano ba ɗan duwan mai karɓar kuɗin fito a hanya."

Ni dai tambaya na yi. Na je wurin maigari na tambaya, na koma wurin Yaya na sake tambaya. Shi ke nan, mutanen maigari suka ce ni ɗan fita ne, mutanen Yaya suka ce maigari ya saye ni.

Ranar Laraba na kira gayyar cirar gyaɗa. Matata Hajara ta tuƙa tuwon mutum ashirin, amma ko mutum ɗaya bai zo ba. Tuwon nan, awaki ne suka ci.

Don Allah, masu ilimi ku fahimtar da ni: in mun fita wa zai saya, in mun zauna wa zai taya ni cira? Ina gaida Yaya Idi, in yana saurare. Yaya, gyaɗar nan ba ta da ƙuri'a, kuma gara ta fara cinta.