Na Saje da Bango

Auta: Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta ne? Lafiya lau. Ya iyali?

Auta: Alhamdulillahi. Ya maigida? Ya ƙafar tasa?

Yaya: Da sauƙi. Kai, ɗaga murya mana, me kake raɗa kamar ɓarawon kaza?

Auta: Layin ne ba kyau. Ya jikoki?

Yaya: Suna nan ƙalau. Tsaya, ƙarar me nake ji? Rushe gidan ake yi?

Auta: Teburin gilashi ne. Ya riga mu gidan gaskiya.

Yaya: Innalillahi! Wa ya fasa?

Auta: Matata. Maman Biyu ta dawo daga tafiya, yanzu haka da taɓarya take sintiri. Ta same ni sau ɗaya a kafaɗa, sau ɗaya a goshi. Goshin nan nawa da kowa ke yabo, Yaya! Mai fentin da na ɗauko aiki ta taga ya fita, da burushinsa a baki.

Yaya: Me ka yi mata?

Auta: Ji fa! Ba ki ce sannu ba, sai me na yi. Alheri na yi. Falo na gyara mata.

Yaya: Gyaran falo ne zai sa mace ta ɗauki taɓarya?

Auta: To ki taya ni gani. Kin san ni da ido. Wata atamfa na samu mai shuɗin ganye da tsuntsaye rawaya. Mai fenti ya yanka surar a kwali, ya bi bango yana bugawa. Tela ya ɗinka labule, rigunan kujeru, har da mayafin talabijin. Inda ganyen labule ya ƙare, nan na bango ya ɗauka, ko karkacewa babu. Da kin shiga sai kin cire takalmi.

Yaya: Ina ka samo atamfar?

Auta: Alo? Yaya, muryarki na yankewa.

Yaya: Ba abin da ya yanke. Ina ka samo ta?

Auta: A akwatin ƙarƙashin gado.

Yaya: Kayan marigayiya mahaifiyarta? Auta, ka haukace?

Auta: Turmi uku iri ɗaya, shekara tara a ninke, asu kaɗai ke kallonsu! Ni na fito da su duniya ta gani. Wayyo, ga madubi ya tafi. Dogon, wanda nake gyara hula a gabansa.

Yaya: Gara shi da haƙarƙarinka. Me take cewa?

Auta: Wai yadda na sa almakashi a zanen uwarta, haka za ta yanka ni turmi-turmi ta rataye a taga. Tana keta rigunan kujeru da haƙori, Yaya. Da haƙori!

Yaya: To fita ka gudu mana!

Auta: Ta kulle ƙofa, makullin na ɗaure a bakin zaninta.

Yaya: Kana ina yanzu?

Auta: A falon.

Yaya: Tare da ita? Ba ta ganinka?

Auta: Nan ne za ki san ƙaninki ba ƙaramin mutum ba ne. Da ragowar atamfar na ɗinka riga da wando da hula. Na rufe fuska da labule na manne da bango. Sau uku tana wuce ni, har ƙafata ta taka ban ce uffan ba.

Yaya: Allah ya shirye ka, da furfurarka da komai. Bari in ɗauko mayafi in zo in ba ta haƙuri, kafin ta kashe ka ta bar yara marayu.

Auta: Yauwa, 'yar albarka. In kin zo ki fara duba bakin labulen kafin ta gama da shi. Farin leshi na sa aka zagaye shi da shi, ya zauna ɗas.

Yaya: Wane farin leshi?

Auta: Wani ne a jar jaka mai zif, can ƙasan akwatin.

Yaya: Mai duwatsu a baki?

Auta: Shi fa! Kin san shi?

Yaya: Ɗana ne ya aiko mini. Ajiya na ba matarka, ko sau ɗaya ban ɗaura ba.

Auta: To... ai kin ga yanzu kowa zai gan shi.

Yaya: A wace kusurwa kake?

Auta: Bayan doguwar kujera. In kin zo ki ƙwanƙwasa a hankali.

Yaya: Kar ka motsa. Maigida, miƙo mini wayarka.

Auta: Yaya, wayarta na ƙara. Ta tsaya. Ta ɗauka. Wa zai kira ta a wannan hali?

Yaya: Maman Biyu? Ni ce. Duba bayan doguwar kujera, akwai ganyen da ke numfashi. Ki bar mini ƙafafunsa, ga ni nan tafe.

Auta: Yaya! Nono ɗaya fa muka sha! Maman Biyu, tsaya, uwar 'ya'yana, ajiye mu yi magana. To ban da fuska, don Allah ban da fus…